Amsar da Ban Ba Ka Ba a Falon Dakta

Greensboro, Talata da hantsi

Zuwa ga yayan Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka zaune lafiya a kujerarka, jirgi ya daidaita a sama, cikinka bai juya ba kamar yadda yake yi maka a bas. Allah ya sauke ku Bombay lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga bakin ƙofar filin jirgi, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Ƙanwarka na ba wa, na ce ta cusa maka ita kusa da fasfo, kada ta ce komai. In kuwa ta riga ta fesa maka, to ni da ita ne.

Ka san biro ba sana'ata ba ce, ta babanku ce. Amma tun ranar Asabar magana ta tsaya min a maƙogwaro, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa, kuma ba zan yarda ka ƙetare teku kana zaton uwarka ba ta son waƙarka ba, ko kuwa ta bar ka ka tafi ne don babanku ya fi ta baki. Abin da ya zaunar da ni ke nan, har na ɗauki hutun yini guda a wurin aiki. Sai dai ka san halina, ba na shiga zance ta ƙofar gaba. Ka yi haƙuri ka biyo ni ta baya, in fara ba ka labarin wautar da na tafka a kan malamin nan naka da za ka je wurinsa, don ba ɗaya ba ce, ba biyu ba.

Kana ɗan shekara goma sha uku muka koma gidan nan na Glenwood. Tagar kicin ɗina tana kallon tagar ɗakin baya na maƙwabta, Indiyawa, ban san su ba tukuna. Kullum na idar da sallar asuba na shigo ɗora ruwan shayi, sai in ji wani tsoho yana jan nishi daga can ƙasan ƙirji, dogo, ba hawa ba sauka, ya ja numfashi ya sake. Ni kuwa da nake aiki a gidan kula da tsofaffi, ai ba a gaya min nishi. Rana ta farko na ce Allah ya ba shi sauƙi. Rana ta uku na ce da babanku, "Malam, mutanen nan za su kashe tsohonsu a ɗaki." Ya ce, "Ke dai ki sha shayinki." Ban sha ba. Kashegari na dafa citta da kanumfari, na zuba zuma, na cika filas, na je na buga musu ƙofa da kayan aikina a jiki.

'Yarsa ce ta buɗe, wadda kuke kira Dakta, dakta irin ta jami'a kamar babanku, ba ta asibiti ba. Na tattara ɗan Turancina na ce mata tsohon da ke ciki kwana huɗu ke nan yana fama, in ba za su kai shi asibiti ba ni zan kira motar asibiti. Matar nan ta dube ni, ta dubi filas, sai ta kama ƙofa tana dariya har da hawaye. Ta ja hannuna zuwa ɗakin. Ga tsoho zaune a ƙasa cikin fararen kaya, garau da shi, gabansa akwatin katako mai madannai farare da baƙaƙe, hannunsa na hagu yana zuga shi ta baya kamar zugazugin maƙera. Tun ranar na sa masa Mai Akwati, don sunansa na gaskiya yana karya min harshe. Da Dakta ta gaya masa abin da ya kawo ni, bai yi dariya ba. Ya karɓi filas, ya zuba, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce gobe ma a kawo.

A hankali na gane abin da nake ji. Murya ɗaya ce, mafi ƙasa da maƙogwaronsa zai iya kaiwa, yake riƙewa kowace asuba tun yana saurayi. Ya ce da ya bar gidan ubansa yana ɗan shekara goma sha shida ya tare a gidan malaminsa, shara yake yi, da ɗebo ruwa, da matsa wa malam ƙafa, kuma sai da damina ta zagayo kafin a bar shi ya matsa daga wannan murya ɗaya zuwa ta biyu. Daga baya Dakta ta gaya min abin da shi bai faɗa ba. Aiki aka yi masa a maƙogwaro, likitoci ba su yi masa alkawarin komai ba, shi ya sa ta ɗauko shi daga Indiya ya huta a wurinta. Muryarsa yake lalube a ɗakin nan, ko tana nan. Ka ga ashe ban ɓata gaba ɗaya ba, ciwo ne, sai dai ba irin wanda motar asibiti ke ɗauka ba.

To kai ma zai zaunar da kai a kan murya ɗaya, wata da watanni, kuma na san ka. Gaggawar dangin babanku ce a jikinka, shinkafa ma ba ka bari ta tsotse. Ranar da ka ji kamar ka tattara kayanka, ka tuna tsoho mai furfura da sunansa ya cika ƙasarsu ya koma aji ɗaya a ɗakin baya na gidan haya, bai ji kunya ba. Sannan kada ka yi irin tawa, ka je ƙofar mutane da hukunci a hannu. In dai za ka je, ka tafi da filas, shi ne ya cece ni.

Na ce sunansa ya cika ƙasarsu, amma a lokacin ina na sani. Ni 'yar Fagge ce, da waƙar Indiya aka yaye mu. Gidanmu bayan sinima yake, ko ba ka shiga ba iska za ta kawo maka har tsakar gida. Na haddace waƙoƙi fiye da yadda na haddace karatun boko, ban san ma'anar ko ɗaya ba. Don haka da muka saba, sai na zauna gabansa na rera masa wata da nake so, na ce ya yi min ita da akwatinsa. Ya saurara har na kai aya, ya ce muryata ba laifi, amma shi ba ya yin na fim. Na kawo wata, ya ce ita ma. Na dawo gida na ce da babanku, "Allah sarki, tsohon nan ashe bai yi nisa ba, ko ɗaya bai iya ba." Bayan sati biyu na shiga kantin Ba'indiyen nan da nake sayen shinkafa da kayan ƙamshi, na ɗaga kai, sai ga Mai Akwati jere a kan kanta, kaset bayan kaset, a wani gashinsa baƙi, a wani furfura ta fara. Gani ya kori ji. Na ce da mai kanti wannan ai maƙwabcina ne, ni ke dafa masa citta. Mutumin nan ya zagayo, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya rusuna min kamar ni na yi waƙar. Ko babanku ban gaya wa ba sai da aka kwana biyu.

Da na matsa da tambaya, labari ya riƙa fitowa gutsure-gutsure, kofi ɗaya labari ɗaya. Ya yi shekaru yana ware wasiƙu a gidan waya, in ya tashi aiki ya wuce gidan rediyo a ba shi 'yan mintoci. Ya je Bombay aka ce muryarsa ba ta rawa ba ce, ya ce ya sani. Faifansa na farko ya daɗe a kanti ba mai tambaya. Sai da kaset ya zo, direbobin tasi da masu shayi suka ɗauke shi, sannan manya suka waiwayo, lokacin 'yarsa har ta shiga sakandare. Irin waƙarsa sunanta gazal. Baitocin mutanen da ne, na bege da rabuwa da jiran wanda bai zo ba, shi kuma ya ɗinka musu karin da za a rera su. Ya ce yakan rubuta baiti a 'yar takarda ya sa a aljihu, ya yi ta yawo da shi sati uku, huɗu, bai taɓa akwati ba, har sai baitin da kansa ya nuna masa yadda yake so a faɗe shi. Na sha ganinsa a tashar bas ta kan layinmu, bas ta zo ta wuce, shi yana tsaye leɓensa na motsi. Da ban san shi ba da na sake kai ƙara wurin Dakta.

Abin da zan gaya maka a nan gajere ne. Indiyar da ke cikin bidiyon falonmu ba ita za ka tarar ba, ba wanda zai zagaya bishiya da kai. Kada ka auna mutum da 'yan abubuwan da ka haddace, kuma in ka ga wani tsoho shiru-shiru a gefen tabarma, ka gaishe shi da kyau tun kafin ka san ko wane ne.

Babbar wautar kuwa, wadda har yau in matan Hausawan garin nan sun haɗu a gidan suna sai an tayar da ita, ita ce ta zauren nan na kusa da titin Elm. Muryarsa ta dawo, ta ƙara zurfi ma, sai Indiyawan Greensboro da na garuruwan kusa suka kama wuri ranar wata Lahadi bayan azahar don ya yi zamansa na farko. Ya aiko musamman mu zo. Na ci ado, leshi da gwaggwaro, na ja babanku da Anti Rabi, ƙawata 'yar Damagaram. Kai kana gida da jarrabawa. Aka cire takalma, kowa ya zauna a kan darduma. Yadda suke yi, baiti layi biyu ne. Sai ya ɗauki layin farko ya yi ta juya shi, ya faɗa ta nan, ya faɗa ta can, ya ƙi sakin na biyun har sai ran kowa ya rataya. In ya sake shi kuwa, sai ka ji zaure ya ɗauka, "Wah, wah," maza na ɗaga hannu, tsofaffi na girgiza kai. Ni ban san abin da yake cewa ba. Abin da na sani, mutumin da ya yi shekara biyu yana neman muryarsa ta gaban tagar kicin ɗina, yau ga ta ta cika zaure. Jikina ya ɗauka. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, na miƙe, na buɗe jaka, na ratsa mutane, na manna masa takardar dala a goshi, yadda ake yi wa duk mawaƙin da ya isa a gidan biki.

Mai kaɗa masa 'yan gangunan nan biyu hannunsa ya tsaya a sama. Na waiwaya neman babanku, sai hularsa kawai na gani, ya sunkuyar da kai har gwiwa. Anti Rabi kuwa, maimakon ta rufa min asiri, ita ma jakarta take lalube. Shi ko gezau. Gumi ya riƙe takardar a goshinsa, ya ƙarasa layinsa a haka, sannan ya ɓare ta a hankali, ya taɓa ta a idonsa, ya ajiye a kan akwati. Ya faɗi wata magana da yarensu, zaure ya fashe da dariya da tafi. Dakta ta raɗa min fassarar: wai shekarunsa nawa a gidan waya yana kallon kan sarki a goshin wasiƙu, sai yau aka manna masa nasa, yanzu ya tabbata zai isa inda aka aike shi.

Kashegari na kai citta ina jan ƙafa. Ya ce in zauna. Ya ce a wurinsu ba a tashi tsakiyar baiti, mai son yin kyauta kuma yakan ajiye ta ne a gefe bayan an gama, ba a taɓa jikin mawaƙi. Na ce na tuba, rashin sani ya fi dare duhu. Ya ce, "A'a, rabi za ki tuba. Takardar ki bar ta a jaka. Amma muryar nan da kika yi, kada ki bar ta. Mu a waƙarmu mai sauraro abokin aiki ne. In na saki layi na dubi mutum ya yi min shiru, ban san ko na isa ko na faɗi a hanya ba. Gara a ce min ban iya ba." Daga nan na zama 'yar gaban darduma. "Wah" ɗinsu bai zauna min a baki ba, ni "Madalla" nake cewa, har ya zamana in ya saki layi sai ya juyo gefena yana jira.

Don haka in ka shiga taron da ba ka san ƙa'idarsa ba, ka nemi bango ka jingina, ka ga yadda masu gida ke yi kafin ka miƙe. In kuma ka riga ka tafka, kada ka ɓuya a ɗaki, ka koma da safe ka ba da haƙuri. Mutanen kirki sukan rage maka rabi.

Duk wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne abin da na yi maka. Da aikina ya koma na sassafe, kai na riƙa ba wa filas ka miƙa kafin bas ɗin makaranta. Aiken minti biyu ya koma na ashirin, ya koma sai bas ta tafi ta bar ka. Ranar hutuna na bi sawunka na leƙa, na gan ka zaune a gabansa, ka naɗe ƙafa, kana jan nishin nan nasa da muryarka da ba ta gama fashewa ba. Ni mai rangaɗa guɗa a zaure, ni ce na fizgo ka har gida. Na ce gidanmu ba a taɓa maroƙi ba, kuma ba daga kaina za a fara ba. Abin da nake hange kawai shi ne ranar da labari zai isa Fagge, a ce ɗan wance da aka kai Amurka karatu ya koma bin masu kuɗi da ganga. Waƙa tana da daɗi a bakin ɗan wasu, haka na ɗauke ta.

Wata bakwai na hana ka. Ka daina ci da kyau, ka daina surutu, in na tambaye ka sai ka ce min, "I'm fine, Mama," ka shige ɗaki. Babanku ya yi magana sau ɗaya, na ce ya tsaya a kan ilmin noman da yake koyarwa. Cittar dai ban fasa ba, nakan ajiye ta a bakin ƙofarsu in wuce aiki. Wata safiya tsohon ya tare ni a nan, da bargo a kafaɗa. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce ubansa mai sayar da yadi ne, kuma irin maganata ya yi, kusan kalma da kalma. Har ya rasu bai taɓa ce masa ya ji waƙarsa ba. Sai a wurin zaman makoki wani mai shayi na bakin kasuwa ya gaya masa cewa duk ranar da za a sa shi a rediyo, uban yakan rufe kanti ya zo ya zauna a bencinsa, ya juya baya kamar ba ruwansa, har a gama. Ya ce, "Na gode wa mai shayi. Amma ba daga bakinsa na so in ji ba." Ya ɗauki filas ya shige.

Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu na cika filas na ajiye a gabanka na ce, "Kai masa." Iyakar abin da na ce ke nan, kai ma ba ka tambaya ba, ka sure shi ka fita ko igiyar takalmi ba ka ɗaura ba. A ganina na gama magana. Labari kuwa ya isa Fagge. Kakarka ta aiko saƙo a kaset tana tambaya ko ana ba ka abinci a gidan Indiyawan, ko yajinsu bai yi maka yawa ba. Mutanen da na takura ka dominsu ko a jikinsu. Kada ka yanke wa kanka hukunci da bakin mutanen da ba su buɗe shi ba tukuna. Abin da zan riƙe ka da shi kaɗan ne. Malaminka bai taɓa rera sunan wani mai kuɗi don a ba shi ba, kai ma kada ka fara. In aka kawo kwalba wurin zama, ka nemi ruwa. Sallarka kuwa, tunda da asubar fari za ku riƙa tashi, ba ka da hujja.

Shekara uku ke nan da ya koma ƙasarsu ya bar maka ƙaramin akwatinsa. Bara ya aiko cewa in ka gama jami'a ka zo, zai ɗaura maka zare a wuyan hannu, abin da a wurinsu ke nufin ka zama ɗan gida, kuma wai kai ne na ƙarshe da zai ɗaura wa. Na tambayi babanku, ya ce ba tsafi ba ne, alkawari ne tsakanin malami da mai koyo. Ranar da takardar ta zo na shiga banɗaki na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai. Na fito na ce maka, "To, Allah ya sa alheri," na tambaye ka ko ka fitar da shara. Af, akwai ƙullin citta da kanumfari a ƙasan babbar jakarka, nasa ne, ba naka ba.

A nan gizo ke saƙar. Kai ɗan fari ne. Inda na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yaba masa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Innata har ta tsufa ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, kuma duk unguwa an san shi ne ranta. Shi ma ya sani, don a can kowa ya iya karanta wannan shirun. Ni kuma na ƙullo abin a ɗan kwalina na kawo shi nan, ƙasar da uwa ke tsayawa a bakin filin ƙwallo tana kwarara sunan ɗanta har muryarta ta dushe. Ban taɓa zaunar da kai na fassara maka ba. Kana ƙarami ka taɓa tambayar babanku ko na manta sunanka ne, muka yi ta dariya. Bai kamata mu yi dariya ba.

Sai ga ranar Asabar, walimar sallamarka a falon Dakta. Bayan la'asar aka ture kujeru, aka shimfiɗa darduma, Indiyawa gefe, mutanenmu gefe, har Alhaji, dattijon Hausawan garin nan, ya taso daga gabashin gari da sandarsa. Ka zauna a bayan akwati da farar riga, ka yi waƙa uku da yarensu, tsofaffinsu na ta "Wah." Ni ina can kusa da ƙofar kicin ina gyara cokulan da ba su buƙatar gyara. Sannan ka ce akwai wani baiti da ka yi yawo da shi a aljihu tun watan azumi, kuma da Hausa ne, a yi maka afuwa in ka karya ta. Ka ɗauko:

Na ɗaure kayana, na tsaya a bakin ƙofa.

Ka juya shi, ka sake juya shi, yadda ya koya maka, har falon ya yi shiru, yara ma suka daina guje-guje. Sannan ka saki na biyun:

Ba nauyin kaya ya tsai da ni ba, wata murya nake jira daga ciki.

Mutanenmu suka nisa, Alhaji ya cire hula ya mayar. Indiyawa ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma suka bi sahu. Kai kuwa ba su kake kallo ba. Ka maimaita layin kana dubana. Anti Rabi ta zungure ni a haƙarƙari. Ka sake maimaitawa, na uku, a hankali, har muryarka ta ɗan yi rawa. Ni da aka zaunar aka koya wa abin da shiru ke yi wa mawaƙi, ni da na saba cika zaure saboda ɗan wasu, na ja mayafi na ce bari in duba shinkafa. Daga kicin na ji ka wuce baiti na gaba, ka gama lafiya, aka yi tafi. A hanyar gida ka yi ta ba Ummi dariya kamar ba abin da ya faru. Ka iya ɓoyewa, wurina ka gada.

Shinkafar kuwa tun azahar aka sauke ta. Tsayawa na yi na dafa wurin wanke-wanke, farin ciki ya cika min ƙirji, baki kuma ya ƙi buɗuwa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka ba ka digiri. Ban kuma taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

To tunda baki ya ƙi, bari hannu ya yi. Madalla, ɗana. Ka iya. Muryarka ta fi min duk wadda na taɓa ji daɗi, har da ta malaminka, amma kada ka gaya masa. Shekara da shekaru, in ka fara da asuba nakan kashe fankar kicin in tsaya da ludayi a hannu ina saurare. Kokon da kuke ƙorafin ya yi gudaji, dalilinsa ke nan. Ba babanku ne ya fi ni baki ba, ni na ce masa ya je ya yanko tikitin kafin in sake tunani. Gobe a filin jirgi, na san kaina, zan gyara maka kwala, in ce ka kula da fasfo, in juya in nemi mota. Kada ka damu da wannan matar. Ta cikin takardar nan ita ce ta gaskiya, kuma da yardarta ka tafi, da dukan zuciyarta. Ɗauki kayanka ka bar bakin ƙofar, na yi magana.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba malaminka tsawon ran da zai ga abin da ya shuka, ya sa wa muryarka albarka, ya dawo min da kai da ƙafarka. In ka dawo ka sake min layin nan a gaban kowa. Sau ɗaya ya isa, ba zan bari ka kai na biyu ba.

Wassalam,
Mahaifiyarka